Tankin Abba da Lissafin Wataƙila

Tun da Abba ya yi ritaya daga aikin ofis gidan bai ƙara samun sakat ba. Mutum ne da ya saba da ba da umarni, yanzu kuwa babu wanda zai umarta sai Umma, da 'yarsa Auta, da bangon gida, kuma a cikin ukun nan bango ne kaɗai ba ya mayar masa da magana. Ya sa an canza wa ƙofar kicin wuri, bayan wata guda ya sa an mayar da ita inda take. Ya gina wa kaji ɗaki har da taga. Da ya rasa abin taɓawa a ƙasa sai ya ɗaga kai sama, ya ce gidan nan tankin ruwa yake bukata, babba, irin wanda za a hango daga bakin titi.

Shi ya zana ƙarfen da za a ɗora tankin a kai, da hannunsa, mai walda ya zo ya haɗa masa. Ƙafafu huɗu dogaye a tsakar gida, baƙin tanki a samansu, ba a kai ga zuba ruwa ba tukuna. Wata safiya Abba na tsaye a gindinsa riƙe da kofin shayi, yana kallonsa kamar wanda aka yi wa haihuwa.

Auta ta fito rataye da jakar makaranta, ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta saci kallon Umma da ke shanya. Umma ta gane.

"Alhaji, kar ka manta ran Asabar yaron nan zai zo gaishe ka."

"Wane yaro?"

"Ɗan ajinsu Auta mana. Na gaya maka."

"Au, mai fiziks." Abba ya kurɓi shayi. "Ita wannan shekararta ta huɗu ke nan a jami'a tana fiziks, fankar ɗakina ta lalace ta kasa gyarawa. Yanzu kuma za su zama su biyu."

"Abba, gyaran fanka ai na masu gyara ne," in ji Auta a hankali. "Mu abin da ke sa ta juyawa muke karantawa."

"To ai ba ta juyawa. Sai ki karanta wannan."

Yaron da ake magana, 'yan ajinsu Wataƙila suke ce masa, kuma ba zaluntarsa suka yi ba. Ka tambaye shi ko malami zai zo lakca, sai ya ce wataƙila. Ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya faɗa maka, ya ƙara da cewa amma agogonsa na iya yin gaba da kaɗan. Tun a aji ɗaya aka haɗa shi da Auta a lab, wato ɗakin gwaje-gwaje, inda ake ba kowane mutum biyu tebur guda. Aikinsu na farko shi ne su rataya 'yar ƙwallon ƙarfe a zare, su kaɗa ta tana lilo, su auna lokacin da take ɗauka, daga nan su fitar da ƙarfin da ƙasa ke jawo abu da shi. Amsar tana cikin kowane littafi, kowa ya san ta. Don haka duk teburin da awonsa ya kauce sai su ɗan gyara lambobi har su zo daidai, a miƙa wa malami, a tafi cin abinci.

Nasu awon ya kauce sosai. Auta ta ɗauki biro za ta yi abin da kowa ke yi, sai ya dafe takardar.

"Ba shi muka auna ba."

"Kowa fa haka yake yi."

"Mu rubuta abin da muka samu, mu faɗi inda muke zaton mun kuskure."

Su suka zo na ƙarshe a makin ranar. Auta ta daɗe ba ta yi masa magana ba, in ta tashi miƙa masa abu ma sai ta ajiye a tebur. Amma a hankali ta lura cewa duk ajin shi kaɗai ne in ya gaya mata abu ba sai ta sake bincike ba. Daga nan har aji huɗu ba ta nemi wani abokin tebur ba. Yadda tebur ya koma soyayya kuwa ba sai na ɓata bakina ba, ku ma kun san hanyar.

Ran Asabar Wataƙila ya zo cikin kaya masu guga, ya zauna a ƙasa kan kafet, kai sunkuye. Ya tarar da Gwaggo, yayar Abba, wadda ba wanda ya gayyata amma ba a taɓa yin wani abu a gidan babu ita ba. Auta na laɓe a bayan labulen falo. Tun a makaranta ta ja masa kunne cewa duk abin da aka tambaye shi ya ce e kawai.

Da fari abin ya tafi lafiya. Abba ya tambayi iyayensa da sana'arsu, ya gyaɗa kai. Sai ya gyara zama.

"In ka gama karatun nan, ka tabbata za ka samu aiki?"

"Ina sa rai, Abba. Amma ba zan ce na tabbata ba."

Abba ya kalli Gwaggo, Gwaggo ta kalli silin.

"To bar wannan. Ka tabbata ba za ka taɓa sa 'yata kuka ba?"

Duk saurayin duniya ya san amsar wannan tambayar, har wanda bai taɓa shiga aji ba. Wataƙila kuwa sai ya tsaya yana tunani, tunani fa na gaske, har da ɗaga ido sama.

"Gaskiya, Abba, ba zan iya tabbatarwa ba. Zama ne na shekaru, ni kuma mutum ne. Abin da zan iya cewa, ba zan yi da gangan ba, in kuma na yi zan ba ta haƙuri."

A bayan labule Auta ta dafe kai da hannu biyu.

"Kun ji ko?" in ji Gwaggo tana tafa hannu. "Tun ba a ba shi ba yana shirin sa ta kuka. Ɗan ƙawata mai sayar da motoci da nake ta kawo muku maganarsa, shi ko taya ka tambaye shi sai ya rantse maka."

Abba ya miƙe. "Taso, mai ilimi. Zo ka gani."

Ya ja shi tsakar gida ya tsayar da shi gaban tanki. "Wannan ni na zana shi. Gobe za a cika shi, lita dubu biyu. Shi ma wataƙila ne?"

Da yaron ya san abin da ke gabansa da ya ce ma sha Allah ya kama hanya. Sai ya roƙi a ba shi tef na awo. Ya auna kaurin ƙarfe, ya auna tsayi, ya fito da waya yana danna kalkuleta. Abba na tsaye a kansa har yana jin numfashinsa a ƙeya, Gwaggo na gefe tana tambaya ko a kawo masa kujera tun da abin ya zama jarrabawa. Gumi ya jiƙa masa riga.

"Abba, kowace litar ruwa kilo guda ce. In tankin nan ya cika, ya fi ƙaramar mota nauyi. Bisa lissafina ƙarfen ya yi siriri, ga shi da tsawo. Ina tsoron zai lanƙwashe."

"Wataƙila?"

"A'a, Abba. Wannan ya fi wataƙila ƙarfi."

Da ma a ce wani abin aka kushe masa, da Abba zai iya haɗiyewa. Amma tanki! Fuskarsa ta canza, ya nuna yaron da yatsa.

"To saurara. Gobe zan cika shi har baki. In ya faɗi, ko kuwa ni da bakina na ce a sauke shi, ka turo manyanka, na ba ka Auta. In kuwa ya tsaya, kar in ƙara ganin ƙafarka a ƙofar gidana. Yaya, ke ce shaida."

"Ni ce kuwa," in ji Gwaggo.

Aka cika tanki. Daga ranar tsakar gidan ta zama wurin da ba a tsayawa. Umma ta kwance igiyar shanya ta mayar bayan kicin. Mai zuwa banɗaki sai ya bi ta jikin bango yana kallon sama. Gwaggo, wadda ta fi kowa cewa maganar yaron shirme ce, ta koma shigowa ta ƙofar baya, wai ta fi kusa da gidanta.

Abba kuwa sai ya ɗauko kujerarsa ya dasa a ƙarƙashin tankin, don kowa ya ga shi bai yarda da lissafin yara ba. Nan yake shan shayi, nan yake karanta jarida. In rana ta take, ƙarfe ya ɗau zafi, sai a ji ƙas. Jaridar Abba ta yi rawa, shi kuma ya yi tari don kar a lura. Duk ƙarfe haka yake yi in ya sha rana, Auta ta san wannan tun tana aji ɗaya, amma ba ta ga dalilin da zai sa ta yi bayani ba.

Ita kanta ta shiga wani hali da ba ta taɓa jin wata ta shiga ba. In ta roƙi Allah tanki ya faɗi, ubanta ne a ƙarƙashi. In ta roƙa ya tsaya, ta rasa wanda take so. Ƙarshe sai ta koma roƙon ya faɗi a lokacin da Abba ya shiga wanka, kaji kuma suna ɗakinsu.

Wata rana da yamma Gwaggo ta zo, Abba ya yi mata gori kan ƙofar baya, ita kuma don ta wanke kanta ta ja kujera ta zauna kusa da shi. Ashe an kunna injin ruwa an manta. Tanki ya cika ya tumbatsa, ruwa ya zubo musu a ka gaba ɗaya, shaa. Ba wanda ya tsaya duba ko ruwa ne ko ƙarfe. Abba, mai kukan ciwon gwiwa kullum, shi ya riga Gwaggo isa bakin get, takalmi ƙafa ɗaya. Gwaggo ta iso bayansa tana salati, mayafi a hannu.

Umma ba ta yi dariya ba. Ta jira ya canza kaya, sannan ta same shi a falo.

"Alhaji, ni ba zan rasa miji saboda tanki ba. Ko ka sauke shi, ko in tafi gidan babban ɗanka in zauna, ranar da ya faɗi ku aiko min."

"A sauke shi," in ji Gwaggo tana matse zani. "Yaron nan fa ya yi karatu. Ni dama jikina bai ba ni ba."

Abba ya daɗe yana kallon ƙasa. Ya san abin da saukewar ke nufi, kowa ma ya sani.

"A kira mai walda ran Asabar," ya ce daga ƙarshe. "Ke Auta, ki ce wa... ki ce masa ya zo."

Washegari Auta ta isa makaranta ƙafarta ba ta taɓa ƙasa. Ta daure har aka gama darasin gwaji, 'yan aji suka watse, ya rage daga ita sai Wataƙila a lab, sannan ta ba shi labari tun daga ruwan har takalmin.

"Alhamdu lillahi da ba wanda ya ji ciwo," in ji shi, amma bakinsa ya ƙi rufuwa don murna.

"Zo ka nuna min lissafin nan a allo," ta ce. "In san abin da zan riƙa yi wa Gwaggo alfahari da shi."

Ya ɗauki alli ya fara. Ga nauyin ruwa, ga kaurin ƙarfe, ga tsayi, ga iyakar abin da ƙarfe irin wannan zai ɗauka kafin ya lanƙwashe. Auta na bin sa layi-layi tana murmushi. Can sai murmushin ya tsaya.

"Dakata. Nauyin nan da ka sa, na duk tankin ne?"

"E."

"A kan ƙafa nawa ka ɗora shi?"

Allin ya tsaya a hannunsa. Ya kalli allo, ya kalle ta.

"Ɗaya."

"Ƙafafun guda nawa ne?"

"Huɗu," ya ce, da wata ƙaramar murya.

Ɗan aji huɗu, wanda malamai ke ba wa misali, ya manta bai raba nauyi gida huɗu ba saboda numfashin Abba a ƙeyarsa. Ya raba a gabanta. Tankin Abba ko ninka ruwansa aka yi zai ɗauka, ko gezau ba zai yi ba.

Auta ta yi dariya har ta riƙe tebur. Da ta gama sai ta ɗauki dasta ta goge allon tas.

"Shi ke nan. Daga ni sai kai sai allo, shi kuma na rufe masa baki."

"Sai na gaya masa, Auta."

"Ka gaya masa me? Ran Asabar fa zai ce ka turo manyanka. Wa zai cutu? A sauke tanki a ajiye a ƙasa, ruwa dai ruwa ne."

"Zai sare abin da ya yi daidai saboda ni na ce ba daidai ba ne. Kuma duk ranar da ya kalli wurin zai tuna an kayar da shi a gidansa, gaban iyalinsa, a kan kuskurena."

"Ni fa? Ni ba ka tuna da ni ba?" in ji ta. "Duk shekarun nan da na yi ina jira, za ka zubar saboda raba huɗu? Filis, sau ɗaya dai a rayuwarka ka yi shiru. Ba ƙarya na ce ka yi ba — shiru kawai."

"In na same ki ta wannan hanyar, kullum na shiga gidanku sai na sunkuyar da kai. Ke ma kuma kin san da me na same ki."

Hawaye ya zubo mata. Ta san gaskiya ya faɗa, wannan ne ma ya fi ƙona mata rai.

"Ga shi nan ka sa ni kukan."

"Na gani. Ki yi haƙuri."

Ta ɗauki jakarta ta fita, ta bugo ƙofar har kwalaben da ke jere a lab suka amsa.

Ran Asabar da hantsi mai walda ya iso da injinsa, yana warware waya a tsakar gida. Abba na zaune can nesa a bakin falo, fuska kamar wanda za a cire wa haƙori. Da Wataƙila ya yi sallama Gwaggo ce ta fara amsawa.

"Maraba da ɗan albarka. Shigo, shigo, bi ta jikin bango."

Bai bi ta jikin bango ba. Ya ratsa ta ƙarƙashin tankin, ya zo ya durƙusa gaban Abba.

"Abba, kar a taɓa shi. Kuskure na yi."

Ya yi bayani dalla-dalla, bai rage komai ba: yadda ya ɗora duk nauyin a kan ƙafa ɗaya, yadda ya manta da sauran ukun, da yadda lissafin ya fito da aka gyara.

"Sake faɗa," in ji Abba.

"Na yi kuskure, Abba."

"A'a, ɗaya maganar."

"Zanenku daidai yake. Tankin ba zai faɗi ba."

Abba ya miƙe a hankali, sai ka ce tsawo aka ƙara masa. "Mai walda, ka ji ko? Naɗe wayarka. Yaya, kin ji? Ke kuma mai tafiya gidan ɗanki, kin ji?"

"Ni dama na faɗa," in ji Gwaggo. "Yaran yanzu sai kwalin karatu."

Abba ya juyo kan yaron. "Wa ya gano kuskuren?"

"Auta ce, Abba."

Wani abu mai kama da alfahari ya gifta a fuskar Abba, sai kuma ya ɓace. Ya kalli 'yarsa da ke raɓe a ƙofar kicin.

"Kin sani, kika bari na kira mai walda?"

Auta ta sunkuyar da kai, kunya da baƙin ciki suka haɗe mata, ta fara kuka mara sauti.

"Kai kuma," in ji Abba, "ka tuna sharaɗinmu?"

"Na tuna, Abba."

"To ga ƙofa nan."

Wataƙila ya yi musu sallama ɗaya bayan ɗaya, har da mai walda, ya fita.

Auta ba ta yi yajin cin abinci ba, ba ta kumbura wa kowa fuska ba. Da yamma ta je ta durƙusa ta ba Abba haƙuri kan shirun da ta yi, ta ci gaba da karatunta. A lab ita da Wataƙila ba sa maganar komai sai awo. Fushin da ta yi da shi bai daɗe ba ya wuce, abin da ya rage sai son da ya ƙaru, ga shi kuma babu hanya. Ta rame har Umma ta fara rage mata wuyan riga.

Gwaggo ba ta ɓata lokaci ba, ta kawo ɗan ƙawarta mai motoci ya gaida Abba. Ya zo da ƙamshin turare da makulli a yatsa. Abba ya kai shi tsakar gida, kamar yadda yake kai kowane baƙo yanzu, ya tambaye shi yadda ya ga tankin.

"Wallahi, Abba, wannan sai ya shekara ɗari. Na rantse."

Abba ya lura ko ɗaga kai bai yi ya kalli tankin ba, idonsa na kan waya. Daga ranar bai ƙara tambayar Gwaggo labarinsa ba.

Labarin nasarar Abba a kan tanki kuwa babu maƙwabcin da bai ji ba, har mai kawo gas sai da aka tsayar da shi ya saurara. Sai dai duk lokacin da Abba ya zo wajen da yaron ya durƙusa, sai ya ji labarin ya rage daɗi a bakinsa. Wata yamma yana zaune a ƙarƙashin tankin, Umma na gefe tana tsintar shinkafa a tire, sai ya ce, kamar mai magana da kansa:

"Yaron nan wawa ne. Da ya yi shiru da yanzu an gama."

"Haka ne," in ji Umma.

"Ba wanda zai sani."

"Ba wanda zai sani."

"To me ya kai shi?"

Umma ta ajiye tiren a cinya. "Alhaji, shekara nawa muna tare?"

"Da yawa."

"Ka taɓa ce min ka yi kuskure?"

"Ai sai in na yi."

"Ƙofar kicin fa?"

"Wannan gwaji ne."

Umma ta yi murmushi, amma idonta bai yi ba. "Na zauna da kai lafiya, ban taɓa da-na-sani ba. Sai dai akwai ranakun da kalma ɗaya tak nake jira daga bakinka, in ji ta in huce, har in gaji in huce da kaina. Ni dai ina so 'yata ta zauna da wanda bakinsa ya iya faɗinta."

Ta ɗauki tirenta ta shiga kicin. Abba ya zauna a wurin har shayinsa ya huce bai sha ba.

Da safe ya sa manyan kaya ya fita bai gaya wa kowa inda za shi ba. Jami'a ya nufa. Ya sha tambaya, aka tura shi ginin da ba shi ba, ya hau bene ya sauko da gwiwar nan tasa, har dai wani ɗalibi ya kai shi ƙofar lab. Auta na ɗaga wani gilashin awo ta hango ubanta tsaye yana haki, saura kaɗan ta sake shi.

Ya yafito su su biyu zuwa baranda. Suka durƙusa, ya ce su tashi, mutane na kallo. Ya gyara hula, ya yi gyaran murya, ya sake gyara hular.

"Maganar nan da na yi ranar nan..." Ya tsaya. "Ummanku ta ce na yi kuskure."

Abba ya kalli ɗaliban da ke wucewa, ya kalli takalminsa.

"Ni ma na zauna na duba. Mutumin da zai zo da ƙafarsa ya faɗi abin da zai raba shi da wadda yake so, don kar a cuci tsoho, ba a korarsa." Ya haɗiyi yawu kamar mai shan magani. "Na yi kuskure. Ka turo manyanka."

Wataƙila ya sake durƙusawa yana godiya. Auta kuwa tun da aka haife ta ba ta taɓa jin kalmar nan a bakin ubanta ba. Ta rufe fuska da mayafi tana kuka tana dariya.

"Kuma kar wanda ya je ya gaya wa Ummanku na faɗa da bakina," in ji Abba.

Auta ta share ido. "Abba, ai ita ya kamata ta fara ji."

Abba ya juya ya nufi matakala. Amma da ya isa gida bai cire hula ba sai da ya leƙa kicin. Umma na tsaye tana juya tukunya. Ya tsaya a bakin ƙofa ya faɗa mata, ba a kan yaron kaɗai ba, har da ranakun da ta jira. Umma ta juyo da ludayi a hannu tana kallonsa.

"Ban ji ba, Alhaji. Tukunya na ƙara."

Ta ji sarai. Shi ma ya san ta ji, amma ya sake faɗa.

Bayan sun gama jarrabawar ƙarshe aka yi auren, Gwaggo na gaba-gaba tana gaya wa baƙi cewa ita ta fara ganin alheri a yaron.

Darasin a fili yake, 'yan mata da samari. Wanda zai rantse miki cewa ba zai taɓa kuskure ba, kar rantsuwar ta ruɗe ki. Ki nemi wanda in ya yi zai zo ya faɗa, ko da faɗar za ta raba shi da abin da ya fi so. Ku kuma yi haƙuri da iyaye in sun kafe, don su ma suna ganin gaskiya, lokaci kawai suke bukata kafin bakinsu ya iya furta ta. Auta ta yi haƙurin makonni ta samu nata. Umma ta yi na shekaru, kuma ta ce ranar da ta ji kalmar nan a ƙofar kicin, ji ta yi kamar a ranar aka kawo ta gidan.